Tunawa da Ɗan'uwa a Ƙasar Hausa: Misalin Nana Asma'u da 'Yan'uwanta



Gabatarwa

Ina so in fara da wani ɗan abu da na gani da idona, domin shi ne ya jawo ni ga wannan magana. Wata rana la'asar ta riske ni a Rijiyar Lemo, sai na ratse daga hanyar Katsina na shiga wani ƙaramin masallaci na cikin lungu. Da aka sallame, na hangi wata tsohuwar gafaka rataye a bango, fatarta ta yi baƙi saboda shan hannu. Na roƙi liman ya bar ni in duba. Alƙur'ani ne rubutun hannu, falle-falle, ba a ɗinke ba, kamar yadda aka saba, baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja. A fallen ƙarshe, bayan addu'ar kammalawa, marubucin ya ƙara layi biyu da Larabcin da ba na gwanaye ba, ya ce ya rubuta wannan ne sadaka ga wansa da ya rasu, yana roƙon duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Sunan wan ya rubuta, nasa bai rubuta ba. Na tambayi liman ko an san inda kabarin wannan bawan Allah ya ke, ya ce ko a zamanin mahaifinsa ba a sani ba. Amma Alƙur'anin yana nan, ana sauke shi kowane watan azumi.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa abin da wannan marubuci ya yi tsohuwar hanya ce mai tushe a tarihinmu. Al'ummomi da yawa na duniya a bisa kabari su ke ajiye tunawa da mamaci, su gina shi, su kafa dutse, su sassaƙa suna. Bahaushe Musulmi kuwa yakan bar kabari ya baje, ya ɗauke tunawar ya sa ta cikin wani aikin hannu da masu rai za su ci moriyarsa. Zan kafa hujja da gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, musamman 'yarsa Nana Asma'u, domin a nan ne mu ke da shaida a rubuce, mai suna da shekara. Sa'an nan in dawo Kano, mu dubi maƙwabtanmu na Sabon Gari, mu kuma dubi halin da wannan gado ya ke ciki a yau.

Kabari da makoki

Kowa a nan ya taɓa raka gawa, saboda haka ba sai na tsawaita ba. Mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi, an ɗauke shi a makara an kai shi makwancinsa. A rufe ƙaramin ramin da itatuwa ko fasassun tukwane, a mai da ƙasa, a yayyafa ruwa, a watse. Damina biyu ko uku, tudun ya kwanta. Ɗan allon ƙarfe mai suna da a ke kafawa a wasu maƙabartun birni sabon abu ne, shi ma kuwa tsatsa ba ta barinsa ya daɗe. In ka ɗebe hubbaren waliyyai da na sarakuna, kamar Hubbaren Shehu a Sakkwato, da wuya ka sami Bahaushen da zai iya nuna maka kabarin kakan ubansa.

Makoki ma an yi masa iyaka. Shari'a ta ba mace wata huɗu da kwana goma na takaba saboda mijinta, amma ga wanda ba miji ba, ko uba ne ko ɗan'uwa shaƙiƙi, kwana uku ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa sa'ad da ɗan'uwan Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi ya rasu, ta sa aka kawo mata turare ta shafa, ta kuma bayyana cewa ba sha'awar turaren ta ke yi ba, so ta ke ta tsaya a kan iyakar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye. Shehu Usmanu kuma, a cikin littafinsa Ihya'us Sunna, ya soki bidi'o'in da mutanen zamaninsa ke yi wajen mutuwa da jana'iza. Al'adar sadakar uku da bakwai da arba'in, inda a ke raba gumba da waina, ta daɗe a ƙasar Hausa, malamai kuwa sun daɗe suna saɓani a kanta.

To, a nan ne tambaya ta ke tasowa. Wanda kuka fito ciki ɗaya, kuka ci tuwo a akushi ɗaya, kuka sha bulalar malami ɗaya, kwana uku ba su isa su fitar da shi daga zuciya ba. An hana kururuwa, an hana gina kabari, an hana sassaƙa siffa. Ina baƙin cikin zai zuba? Amsar tana cikin wani hadisi da kowane ɗalibi ya sani, wanda ya nuna cewa aikin mutum yana yankewa da mutuwarsa sai ta hanya uku, watau sadaka mai gudana, da ilmin da a ke amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Tun da akwai abin da zai iya isa ga mamaci, sai hannun mai baƙin ciki ya sami aikin yi.

Marsiyya kafin zamanin Shehu

Ga masu ilmi, aikin farko da hannun ya kama shi ne waƙar makoki, wadda Larabawa ke kira marsiyya. Abin lura a nan shi ne, mutum biyu da suka fi kowa shahara da marsiyya a tsohon adabin Larabci, dukansu 'yan'uwansu suka yi wa kuka. Ta farko ita ce Khansa'u ta ƙabilar Banu Sulaim, wadda ta ga Jahiliyya ta ga Musulunci, ta kuma shafe shekaru tana waƙe 'yan'uwanta Mu'awiya da Sakhru. Na biyu shi ne Mutammimu ɗan Nuwaira, wanda aka kashe ɗan'uwansa Maliku a yaƙoƙin Ridda zamanin Sayyidina Abubakar. Masu tarihin adabi sun kawo cewa Sayyidina Umar, da ya ji waƙar Mutammimu, ya yi fatan a ce shi ma yana da baiwar waƙa, da ya yi wa ɗan'uwansa Zaidu, wanda ya yi shahada a Yamama, irinta.

Malamanmu na ƙarni na sha takwas da na sha tara sun karanci tsofaffin waƙoƙin Larabawa a zaure, domin da su a ke koyon lugga. Wanda ya duba Tazyinul Waraƙat na Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya kammala a 1813, zai ga marsiyyoyin da ya yi wa malamansa da abokansa, zai kuma ga yadda ya ƙware a wannan fanni. Saboda haka Nana Asma'u ta tashi ta tarar da hanyar a buɗe. Abin da ta yi shi ne ta fito da ita daga Larabci zuwa Fillanci da Hausa, ta kuma sauya mata alƙibla.

Nana Asma'u da Bello

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel wajen shekarar 1793. Tagwaye aka haifa, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Hassana ko Husaina za a kira ta, amma Shehu ya sa mata Asma'u. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai ta tashi a hannun sauran matan Shehu, cikinsu har da Hauwa'u, mahaifiyar Muhammadu Bello. Bello ya girme ta da wajen shekara goma sha biyu. Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da gudu da mace-macen shekarun jihadi da idonta. Aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama wazirinsa. A 1817 Shehu ya rasu a Sakkwato cikin watan Afrilu, kafin shekarar ta fita kuma ɗan tagwaicinta Hassan ya bi shi. Kun ga ke nan tun ba ta kai shekara ashirin da biyar ba ta rasa uwa da uba da wanda suka kwanta ciki ɗaya.

Wanda ya rage mata a matsayin bango shi ne Bello. Shi ne wanta, shi ne Sarkin Musulmi, yana kuma cikin malamanta. Dangantakarsu ta ilmi ce ƙwarai. Alal misali, a ƙarshen rayuwarsa Bello ya rubuta wani littafi da Larabci a kan salihan mata na tarihin Musulunci, Asma'u ta ɗauke shi ta mai da shi waƙa da Fillanci da Hausa domin matan da ba su jin Larabci, ta kuma ƙara da sunayen matan jama'ar Shehu da ta sani da kanta. Wannan ita ce waƙar da aka sani da Tawassuli ga Mata Masu Albarka.

Bello ya rasu a Wurno cikin watan Rajab na 1253, watau Oktoba 1837, bayan ya shekara ashirin yana mulki, a can kuma aka binne shi. Asma'u tana da kimanin shekara arba'in da huɗu. Abin da ta yi bayan wannan rasuwa shi ne zuciyar laccarmu, domin waƙa biyu ta yi masa, kowace da aikinta.

Ta farko marsiyya ce da Fillanci, wadda a ke kira Sonnore Bello. A cikinta ƙanwa ce ke magana. Ta nuna kanta a matsayin marainiya wadda aka bari ba mataimaki, ta ambaci yadda ya ke kula da lamurranta, ta kai kukanta ga Allah, ta roƙa masa gafara da haɗuwa da Shehu a Aljanna. Babu kiran ɗaukar fansa irin na Jahiliyya, babu kuma jayayya da hukuncin Ubangiji. Ta dai faɗi zafin da ta ji ba tare da ɓoyewa ba, wanda ya ke abu ne mai wuya ga 'yar Fulani da aka rena da kunya da kawaici.

Ta biyu ta zo bayan kamar shekara guda, sunanta Gikku Bello, watau Halin Bello. A nan hawaye sun bushe, malama ce ke magana. Ta jera halayensa ɗaya bayan ɗaya: ilminsa, da tsoron Allah, da adalci a shari'a, da kyauta, da karɓar baƙi, da kula da talakawa, da gina garuruwa da ribaɗoɗi. Wanda ya karanta ta da idon basira zai ga cewa ma'auni ta ajiye. A lokacin da ta yi waƙar an riga an naɗa wani ɗan'uwan nata, Abubakar Atiku, wanda ya yi mulki daga 1837 zuwa 1842, bayansa kuma ɗan Bello, Aliyu Babba, ya hau. Duk wanda ya zauna a wannan gado, akwai waƙa a bakin jama'a mai faɗin yadda na gabansa ya ke. Mace ba ta zama a majalisar sarki, amma ta hanyar yabon wanta da ya rasu ta gaya wa masu rai abin da a ke jira daga gare su, ba wanda kuma zai ce ta yi rashin ladabi. A wannan lokaci ne kuma mijinta Waziri Giɗaɗo ya rubuta Alkashfu wal Bayan a kan rayuwar Bello da Larabci. Miji ya rubuta wa malamai, mata ta waƙe wa sauran jama'a.

Ba Bello kaɗai ta yi wa haka ba. A 1838 'yar'uwarta Faɗima, shaƙiƙiyar Bello, matar Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo, ta rasu, ta yi mata marsiyya. Wajen 1840 ɗan'uwanta Muhammadu Buhari mai Tambuwal ya rasu, shi ma ta yi masa. Kafin su ta yi wa baffanta Malam Abdullahi, bayansu ta yi wa mijinta Giɗaɗo, da aminiyarta A'isha matar Bello, da wasu mata na unguwa waɗanda ba 'ya'yan kowa ba ne, kamar Zaharatu mai taimakon mata wajen haihuwa da wankan gawa. In aka jera waɗannan waƙoƙi za a ga abu guda yana maimaituwa. Ba ta damu da nasaba ko sarauta ko yawan dawaki ba. Abin da ta ke ƙirgawa shi ne haƙuri, da sada zumunci, da ciyar da baƙo, da sulhunta masu faɗa, da koyar da jahili. Ta haka ne mu ka san sunaye da halayen matan da littattafan tarihi na maza ba su ambata ba.

Waƙa a matsayin aikin hannu

Kada ɗalibai su ɗauka waƙa a wancan zamani magana ce kawai. Abu ce da a ke riƙewa a hannu, kuma kowane ɓangare nata sai da wani ya yi masa wahala. Takardar daga Italiya ta ke fitowa, ta ƙetaro teku zuwa Tarabulus, ta ratso Sahara a bayan raƙumi. Baturen nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa takarda mai alamar wata uku cikin hajar da a ke shigowa da ita kasuwar birnin. Wanda ya ɗaga irin wannan takarda ga hasken rana zai ga jinjirin wata guda uku a jikinta. Tsada gare ta, shi ya sa ba a rubuta abin banza a kanta. Tawada kuwa a gida a ke dafa ta da bagaruwa da ƙaro, alƙalami a feƙe shi daga gamba ko kara. In an gama rubutu, majemi ya jeme fata, baduku ya yi tadarishi ya ɗinka gafaka. A baitocin ƙarshe mai waƙa yakan sa ramzi, watau wasu haruffa da in aka haɗa lissafinsu za su ba da shekarar Hijira. Albarkacin wannan ramzi ne mu ke iya faɗin shekarun waƙoƙin Asma'u a yau.

Daga nan sai kwafa. Almajiri ya ara ya kwafa, wani ya kwafa daga nasa. Asma'u kuma ta ƙara wata hanya. Bayan rasuwar Bello ta tsara ƙungiyar mata da aka sani da 'Yan Taru. Daga ƙauyuka mata kan taso ƙarƙashin jagorancin wata dattijuwa da a ke kira jaji, wadda Asma'u ke naɗawa ta ba ta malfa da jan ƙyalle, su zo Sakkwato su koyi waƙoƙin addini, su koma su koyar a cikin gidaje. Waƙar da aka rubuta a ɗaki ɗaya sai ga ta a bakin matan da ba su taɓa riƙe alƙalami ba.

Waɗannan takardu sun zauna a gidan Waziran Sakkwato, zuriyar Giɗaɗo da Asma'u, har suka iso hannun Waziri Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997. Shi ne ya buɗe wa Jean Boyd su. Ta wallafa tarihin Asma'u a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a Amurka a 1997. Shekara ɗari da sittin ke nan tsakanin rasuwar Bello da wannan bugu, kuma a duk tsawon wannan zamani hannu ne ya riƙe su, gafaka ta tsare su.

Yadda 'yan'uwanta suka rama mata

Asma'u ta rasu wajen 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Abin da ta yi wa na gabanta, na bayanta suka yi mata. Ƙanenta Isa, autan Shehu, wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsu, wanda a ke kira Isa Mai Kware, ya yi mata marsiyya. Bayan wannan, shi ne ya mai da da yawa daga waƙoƙinta na Fillanci zuwa Hausa, cikinsu har da tarihin Shehu da mu ka sani da Waƙar Gewaye. Da bai yi wannan ba, da Hausawa kaɗan ne za su san ta.

Ƙanwarta Maryamu kuwa ta fi kusa da mu nan Kano, domin ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Bayan rasuwarsa ta koma gida, da Asma'u ta rasu kuma ita ta karɓi jagorancin 'Yan Taru ta ci gaba da shi. Ɗaya ya tsare maganarta, ɗaya ta tsare aikinta.

Maƙwabtanmu na Sabon Gari

Yanzu mu dawo Kano. Unguwannin Fagge da Sabon Gari da Rijiyar Lemo duka a ƙaramar hukuma ɗaya su ke, amma tarihinsu daban-daban ne. Fagge tsohon zangon fatake ne a bayan ganuwa. Sabon Gari kuwa Turawa suka keɓe shi a 1913, bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Tun kafin haka akwai Yarbawa a cikin birni, a unguwar Ayagi. Yana da kyau mu san yadda kakannin waɗannan maƙwabta namu suka amsa irin tambayar da muka yi ɗazu, domin kwatanci yana sa mutum ya ga nasa da kyau.

Ƙasar Yarbawa tana cikin wuraren da aka fi haihuwar tagwaye a duniya. Kamar yadda mu ke da Hassan da Husaini da Gambo, haka su ke da Taiwo da Kehinde da Idowu. A al'adarsu ta gargajiya, idan ɗaya daga tagwaye ya mutu, sai a je wurin masassaƙi ya sassaƙa ɗan mutum-mutumi na itace, wanda bai fi taƙi ɗaya da 'yan kai ba, a yi masa tsagar gidansu a fuska. Sunansa ere ibeji. Uwa ta riƙa yi masa wanka, ta shafa masa majigi a jiki da shuni a ka, ta ɗaura masa duwatsu da wuri, ta miƙa masa wake da manja. In ɗan tagwaicin da ya rayu ya girma, sai kulawar ta koma hannunsa. Da Musulunci da Kiristanci suka yaɗu, da yawa sun bar sassaƙa, amma buƙatar ba ta gushe ba. Wata mai bincike, Marilyn Houlberg, ta rubuta a 1973 cewa wasu iyalai sukan je wurin mai hoto ya ɗauki wanda ya rayu, ya wanke hoton sau biyu a takarda ɗaya, ya zama kamar tagwayen ne zaune tare.

Ba na kawo wannan domin in daidaita aƙidu ba, bambancin a fili ya ke. Bayarabe na gargajiya siffar ɗan'uwansa ya ajiye, Asma'u kuwa, wadda ita ma 'yar tagwaye ce, hali ta ke ajiyewa. Amma akwai inda suka haɗu. Duka biyu aikin hannu ne, kuma duka biyu sai da hidima su ke rayuwa. Ibeji yana bukatar mai yi masa wanka, marsiyya tana bukatar mai rera ta. Dubban ibeji suna cikin gidajen tarihi na Turai da Amurka a yau, a bayan gilashi, ba wanda ya san sunan yaran da aka sassaƙa su dominsu.

Hanyar talaka

Ba kowa ne malami mai waƙa ba. Talaka yana da nasa hanyoyin, kuma tushensu ɗaya da na Asma'u. Ta farko ita ce suna. Mutum ya rasa wansa, in Allah ya ba shi ɗa namiji sai ya mai da sunan, 'yan gida kuma su ɓoye shi saboda kunya su riƙa kiran yaron Baffa ko Kawu. Ta biyu riƙon marayu da biyan bashin mamaci, wanda shi ne mafi nauyi, shi ne kuma ba a gani. Ta uku sadaka mai gudana gwargwadon ƙarfi: wani ya saƙa tabarma ya kai masallaci, wata ta ajiye randa a ƙofar gida tana cika ta kullum domin masu wucewa, wani ya dasa itace, mai hali ya haƙa rijiya. Sunayen unguwanni irin su Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu da Rijiyar Zaki da ita kanta Rijiyar Lemo sun isa su nuna mana matsayin rijiya a rayuwar Kano. Alaramma kuwa, wanda dukiyarsa ita ce haddarsa, sai ya zauna wata da watanni ya rubuta izu sittin da ka. Wannan shi ne mutumin da na ci karo da aikinsa.

Halin da a ke ciki

A yau abubuwa sun sauya. Rijiyar burtsatse ta maye gurbin ta haƙa, wannan kuwa ci gaba ne. Maɗaba'u suna buga 'yan littattafan addu'o'i da kalanda masu sunan mamaci cikin kwana ɗaya, saƙon ta'aziyya kuma ya zaga duniya ta waya kafin a dawo daga maƙabarta. Ba na raina waɗannan, niyya a ke duba. Sai dai kalanda shekara ɗaya ta ke yi a bango, saƙon waya kuwa ko mako ba ya kaiwa. Wanda ya shafe wata shida yana rubutu, kowace safiya yana tuna wansa tare da ambaton Allah, kafin ya kai ƙarshe baƙin cikinsa ya sami mazauni. Wannan magani ne da kakanninmu suka sani.

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin gafakun kansu. Malami ya rasu, magada su raba littattafansa falle-falle kamar yadda a ke raba tufafi, ko a tura su cikin buhu a ɗakin da ke yoyo, gara ta ci rabi, damina ta ƙarasa sauran. Mun san Asma'u domin gidan Waziri ya tsare takardunta. Sauran gidajen malamai na Madabo da Fagge da garuruwan karkara fa, marsiyyoyi nawa ne ke cikinsu, na ƙanne ga yayye, da ba wanda ya buɗe tun zamanin kakanni?

Saboda haka ina da roƙo biyu. Ku ɗalibai, in kun koma gida hutu, ku tambayi tsofaffi ina gafakar gidanku ta ke. Ku buɗe ta da ladabi, ku duba fallen ƙarshe na kowane littafi, ku ɗauki hotonsa, ku rubuta sunan mai shi da abin da tsofaffi suka sani game da shi. Wanda bai iya ajami ba ya koya, mako kaɗan ne. Ku kuma ma'aikatan gwamnati, akwai wuraren da aka kafa domin wannan aiki: Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da takwararta mai sunan Waziri Junaidu a Sakkwato. In takardar neman kuɗin irin waɗannan wurare ta biyo ta teburinku, kada ku tura ta ƙarƙashin fayil. A kuma riƙa tabbatar wa masu littattafai cewa hoto a ke so a ɗauka, asalin zai zauna a hannunsu, domin tsoron rabuwa da gado ne ke sa da yawa su ɓoye.

Kafin in bar masallacin nan na Rijiyar Lemo, liman ya ce mini tun da na karanta layin, to, roƙon ya hau kaina. Muka ɗaga hannu muka yi wa mamacin addu'a da sunansa, muka haɗa da ƙanen da bai faɗi nasa ba. Allah ya jiƙansu, ya jiƙan Shehu da Bello da Asma'u da 'yan'uwansu, ya jiƙan namu da suka riga mu, ya sa mu cika da imani.